Haƙiƙa da ƙididdiga a idon dokar Najeriya

A watan Agusta na 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya nuna cewa marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne cikin ɗari a watanni ukun farko na shekarar, alhali alƙaluman da ta bayar na ƙarshen 2020 sun kai kashi 33.3. Jama'a da dama sun ce hukumar ta shara ƙarya, domin babu unguwar da ta ga matasanta sun daina zaman kashe wando a tsakanin nan. Abin da ya faru shi ne hukumar ta sauya mudun awonta. A da, wanda bai cika awa 20 yana aiki a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki, yanzu kuwa, bisa ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya don samun lada ko riba cikin kwana bakwai da suka gabata ya shiga sahun masu aiki. Gardamar ta taso ne daga cakuɗa abubuwa biyu waɗanda dokokinmu suka ware wa kowanne gurbinsa, wato haƙiƙa da ƙididdiga.

Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 258, ta fassara haƙiƙa da cewa ita ce duk wani abu, ko halin da abu yake ciki, ko dangantakar da ke tsakanin abubuwa, wanda gaɓoɓin ɗan Adam za su iya riska, haka kuma duk wani hali na zuci da mutum yake sane da shi. Cewa wane ya karɓi kuɗin gona ran Talata a gaban mai unguwa haƙiƙa ce, domin ido ya gani, kunne ya ji. Cewa ya karɓa da niyyar kada ya miƙa gonar, ita ma haƙiƙa ce a wurin doka, ko da yake a zuciya take. Sashe na 126 ya shar'anta cewa shaidar baka ta fito daga bakin wanda ya gani ko ya ji da kansa, sashe na 131 kuma ya ɗora nauyin tabbatarwa a kan wanda ya yi iƙirari, wanda ya yi daidai da ƙa'idar da malaman fiƙihu suka daɗe suna karantarwa cewa hujja tana kan mai da'awa. Saboda haka haƙiƙa a gaban alƙali tana da suna, tana da rana, tana da wuri, kuma akwai wanda za a tsayar a yi masa tambayoyi a kanta.

Ƙididdiga kuwa adadi ne da ake samarwa bayan an tattara haƙiƙoƙi masu yawa, an tace su bisa wata ma'ana da aka zaɓa, sannan aka dunƙule su. Dokar Ƙididdiga ta 2007, wadda ta kafa hukumar a tsarinta na yanzu ƙarƙashin Babban Jami'in Ƙididdiga na Tarayya, ta ba ta ikon neman bayanai daga jama'a da kamfanoni, amma ta wajabta mata riƙe sirrinsu, ta yadda ba za a iya gane mutum ko gida daga abin da aka wallafa ba. A ganina nan ne bambancin ya fi fitowa fili, domin kotu ba ta sauraron magana sai an ambaci wanda ake nufi, ita kuwa ƙididdiga doka ce ta tilasta mata goge sunan kafin ta fita bainar jama'a.

A watan Nuwamba na 2022 hukumar ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma jihar Sakkwato ce a gaba da kashi 91. Ba a bi kowane gida ba. Gidaje sama da 56,000 aka tambaya a kan lafiya da ilimi da yanayin zama da aiki da tsaro, sannan aka auna sauran da su. Cewa hukumar ta wallafa wannan adadi a wannan wata haƙiƙa ce da ba ta da musu. Adadin kansa kuwa ƙiyasi ne, kuma ba ya gaya wa kowa halin da wani magidanci guda yake ciki a Tambuwal ko Wurno. Haka nan attajiri ɗaya, ko ma ɗari, da za a nuna a birnin Sakkwato ba su isa su rushe shi ba, sai dai a soki hanyar da aka bi wajen zaɓen gidajen ko ma'anar da aka ba talauci.

Wannan ne ya sa ƙididdiga ba ta ɗaure mutum. Sashe na 135 na Dokar Shaida ya ce laifi sai an tabbatar da shi ta yadda babu sauran kokwanto mai ma'ana, don haka ko da a ce yawancin sace-sacen wata kasuwa 'yan unguwa kaza ne ke yi, wannan bai nuna cewa yaron da ke tsaye a gaban alƙali ya ɗauki komai ba. Idan ana buƙatar fassara alƙaluma a shari'a, ƙofar da aka saba bi ita ce ta sashe na 68, wanda ya yarda a saurari ra'ayin masani a fanninsa bayan sashe na 67 ya hana karɓar ra'ayi a matsayin shaida, kuma alƙali ne zai auna nauyin abin da masanin ya faɗa.

Ƙidayar jama'a ce ƙididdigar da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya fi ba muhimmanci, kuma yadda ya tsara karɓarta ya nuna cewa bai ɗauke ta abin da ba ya kuskure ba. Sashe na 213 ya ce shugaban Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa zai miƙa rahoto ga Shugaban Ƙasa, shi kuma cikin kwana 30 ya gabatar da shi ga Majalisar Magabata ta Ƙasa. Idan ta ba da shawarar a karɓa, sai ya karɓa, ya ajiye shi a gaban majalisun tarayya biyu, a buga shi a jaridar gwamnati. Idan kuwa ta ce ƙidayar ba daidai ba ce ko rahoton ya karkace, dole a yi watsi da shi, kuma babu hukuma ko mutumin da zai dogara da shi a kan kowane al'amari. Masu rubuta kundin suna sane da tarihi, tunda ƙidayar 1973 sokewa aka yi bayan taƙaddamar da ta haddasa.

Ƙidayar 2006 ta ba Najeriya mutum 140,431,790, Kano 9,401,288, Legas kuma 9,113,605, gwamnatin Legas ta ƙi amincewa, ta ce mutanenta sun haura miliyan 17. Karɓar da aka yi wa waɗannan alƙaluma ta mayar da su abin aiki na hukuma, kuma aikin ba ƙarami ba ne, domin sashe na 162 ya sa yawan jama'a cikin ma'aunan rabon kuɗin asusun tarayya, sashe na 75 kuma ya ce da ƙidaya ta ƙarshe za a san yawan mazauna wuri wajen shata mazaɓun majalisun tarayya. Tun daga 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma an ɗage ta, saboda haka duk adadin da ya haura miliyan 200 da ake ambata a yau hasashe ne da aka gina a kan waccan ƙidayar da ƙiyasin haihuwa da mutuwa, bai kuma bi ta hanyar da sashe na 213 ya shimfiɗa ba.