"Masu buƙata ta musamman" ba mabuƙata ba ne

Da wuya a kammala labaran rediyo yanzu ba ka ji an ce wani ɗan siyasa ya raba wa "masu buƙata ta musamman" buhunan shinkafa da atamfofi ba. Wani lokacin har zawarawa da marayu da 'yan gudun hijira ake cusawa a ciki. Kowa ya san an rungumi lafazin ne don a kauce wa "nakasassu", wanda wasu ke jin yana da kaushi. Abin da ke ba ni haushi daban ne: da zarar kunnen Bahaushe ya ji "buƙata", sai hankalinsa ya tafi kan mabuƙaci, wanda ake miƙa wa sadaka. Daga nan maganar ta karkace.

Lafazin daga fagen ilimi ya fito. A 1978 wani kwamiti a Birtaniya, ƙarƙashin Mary Warnock, ya ba da shawarar a daina kasa yara gida-gida bisa lalurarsu, a koma tambayar me yaro ke buƙata don ya koyi abin da 'yan'uwansa ke koyo. Kwamitin ya ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin yara 5 zai buƙaci irin wannan tanadi a wani lokaci na karatunsa. A 1994 taron UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a birnin Salamanca na Sifaniya ya yaɗa manufar a duniya. Buƙatar da ake nufi ta kayan aiki ce da tsari, babu ruwanta da talauci. Ɗan attajiri kurma yana da ita, maraya mai ji da gani ba shi da ita.

A jami'a ne bambancin ya fi fitowa fili. Ga ɗalibi makaho, ya ci jarrabawar JAMB, wadda tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don shirya wa irinsa jarrabawa. Ya samu gurbi, ya shiga aji. Malam ya ce kowa ya je ya yi fotokwafin takardun darasi. Takarda a hannun makaho shafi ne sumul kawai. Wani abokinsa ya ɗauki hoton shafukan da waya ya tura masa ta WhatsApp, da kyakkyawar niyya. To, manhajar da ke karanta masa rubutu da murya, irin su NVDA da JAWS, haruffa take karantawa, hoto kuwa sai an bi ta wata hanya an mayar da shi rubutu, kuma in fotokwafin ya dushe sai ta riƙa karanto shirme. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: malam ya ba shi ainihin rubutun da ya buga a kwamfuta, ko laburare ya fitar masa da shi a rubutun makafi na Braille, mai ɗigo 6 da ake shafawa da yatsa.

Ranar jarrabawa kuma wani sabon babi. In da tafireta zai amsa, ba ya iya komawa ya duba abin da ya buga; in tawadar zaren ta bushe, sai ya cika shafi da amsar da babu wanda zai gani, shi kuma bai sani ba. In wani ne ke karanta masa tambaya yana rubuta amsarsa, lokaci ya fi tafiya. Shi ya sa ake ƙara masa lokaci. Nan ne za ka ji wasu ɗalibai, har da malamai, suna gunaguni wai an yi masa alfarma. Wace alfarma? Tambayoyin iri ɗaya ne, makin cin jarrabawa bai ragu ba, digirin ma ɗaya ne.

Kurma na buƙatar tafintan maganar hannu a aji, abin da Jami'ar Ilorin ta kafa wa cibiya guda. Mai keken guragu na buƙatar gangara maimakon matakala, ko a sauko da laccarsa ƙasa daga bene.

Ni dai ban gamsu da wannan "ta musamman" ɗin ba. Shiga aji da karanta littafi buƙatar kowane ɗalibi ce. Ginin ne aka yi shi ba da kowa a rai ba. Kuma lafazin ya yi wa hukumomi daɗi, domin abin da aka kira na musamman ana iya ɗage shi sai kuɗi ya samu. Dokar da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019 ba ta ɓoye kalmar nakasa a sunanta ba, kuma ba da sigar roƙo ta zo ba. Ta haramta nuna wa nakasassu wariya, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, ɗakunan lacca na jami'o'in gwamnati kuwa suna ciki. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024.