Me ake nufi da damawa da kowa a wurin aiki?

A ƙasan sanarwar neman ma'aikata ta manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji akwai wani layi da yawancin masu nema suke tsallakewa: wai ana ba kowa dama daidai, ana kuma ƙarfafa wa mata da masu buƙata ta musamman gwiwa su nema. Wannan layin reshe ne na abin da ake kira damawa da kowa a wurin aiki. A Amurka da kamfanonin da suka ɗauki salonta an fi taƙaita maganar da haruffa uku, DEI, masu nuni ga abubuwa uku: tara mutane iri daban-daban, yi musu adalci, sannan a tafi da su a cikin aikin da shawarwarinsa. Ana yawan ambaton su a numfashi ɗaya, alhali kowanne da nasa nauyin.

Na farkon shi ne mai sauƙi, domin ƙirga shi ake yi. Mata nawa, maza nawa, matasa da dattawa, masu addinai da harsuna mabambanta, masu nakasa da marasa ita. Kamfani zai iya cike wannan gurbin cikin shekara guda ya buga hoto mai kyau a rahotonsa. Amma in aka leƙa ɗakin da ake yanke shawara aka tarar duk jirgi ɗaya ne ya kwaso mazauna cikinsa, to ƙirgen bai faɗa mana wani abin kirki ba.

Maganar adalci ta fi zurfi, kuma ta daɗe a cikin doka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta amince da yarjejeniya mai lamba 111 tun 1958, wadda ta hana bambanta mutane wajen ɗaukar aiki ko sana'a saboda jinsi, launin fata, addini, ra'ayin siyasa, asalin ƙasa ko irin gidan da mutum ya fito. Ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: in aikin kansa ne ya buƙaci wani sharaɗi, to gindaya shi ba wariya ba ce. Babu mai cewa an zalunci makaho don an hana shi tuƙa motar haya. Rikicin yana tasowa ne a kan sharuɗɗan da ba su da alaƙa da aikin, waɗanda a takarda sun shafi kowa, a zahiri kuwa wasu kaɗai suke tarewa.

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili an yi ta ne a Amurka. Kamfanin wutar lantarki na Duke Power a jihar North Carolina ya daɗe yana killace baƙaƙen fata a sashen leburanci na wata tasharsa, inda albashi mafi tsoka bai kai mafi ƙanƙanta a sauran sassan ba. Da dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta haramta irin wannan, sai hanyar shiga sassan masu maiƙo ta koma takardar kammala sakandare da cin wasu jarrabawa guda biyu. Ba a ambaci launin kowa ba. Sai dai baƙaƙen fatan yankin sun taso ne a makarantun wariya marasa inganci, kuma fararen da aka ɗauka tun kafin sharaɗin takardar suna ta aikinsu lafiya ƙalau har ana ƙara musu girma. A 1971, a shari'ar da aka sani da sunan Griggs, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da baki ɗaya cewa sharaɗin da ke tare wani rukuni na mutane, kuma aka kasa nuna yana auna iya aikin, haramtacce ne ko da babu mugun nufi a zuciyar wanda ya kafa shi.

A ganina nan ne zuciyar maganar take. Yawancin shugabannin ma'aikatu ba su tashi da safe da niyyar zaluntar kowa, kuma in ka ce musu suna nuna wariya za su rantse da gaskiyarsu. Ɓarnar tana cikin tsarin da aka gada: wa yake jin labarin gurbin aiki kafin a tallata shi, wa ake kira hira, wane sharaɗi aka kwafo daga tsohuwar sanarwa ba tare da an tambayi amfaninsa ba.

Wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun gwada wannan a binciken da suka wallafa a 2004. Sun aika takardun neman aiki na ƙirƙira kusan 5,000 ga masu tallata guraben aiki a biranen Boston da Chicago. Takardun iri ɗaya ne, suna kawai suka riƙa sauyawa: wasu da sunayen da aka san fararen fata da su, kamar Emily da Greg, wasu da na baƙaƙe, kamar Lakisha da Jamal. Masu sunan fararen fata sun fi samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. Babu wanda ya ga fuskar kowa. Suna kaɗai ya isa. Duk inda suna ke nuna addini, ƙabila ko yankin mutum, wannan haɗarin yana nan, shi ya sa wasu ma'aikatu suke rufe suna da hoto a zagayen farko na tantance takardu.

Adalci kuma wani lokaci yana nufin kada a yi wa kowa kuɗin goro. A ce an kira mutum biyar hira a hawa na uku na ginin da ba shi da na'urar hawa, ɗayansu kuma a keken guragu yake. An ba su lokaci ɗaya, ɗaki ɗaya, tambayoyi ɗaya, amma shi an riga an kayar da shi tun daga ƙasan matakala. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 ta sa wa maganin wannan suna: gyaran da ya dace kuma bai fi ƙarfin ma'aikata ba, ta kuma ce hana shi wariya ce. Sau da yawa gyaran ba wani abin tashin hankali ba ne. A sauko da hirar ƙasa, a sa wa makaho manhajar da ke karanta masa abin da ke fuskar kwamfuta, a samo wa kurma mai fassara da hannu ko a riƙa rubuta abin da aka tattauna, a sassauta lokacin shigowa ga mai zuwa asibiti a kai a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa, don haka ba 'yan tsiraru ake magana a kansu ba.

Sai na ukun, damawar kanta, wadda ta fi wuyar kamawa domin ba ta cika barin shaida a takarda ba. A wajen taro ake ganin ta. Wata ma'aikaciya ta fara kawo shawara, kafin ta kai aya wani ya katse ta, aka wuce. Bayan minti goma wani ya maimaita shawarar da nasa kalmomin, shugaba ya gyaɗa kai ya ce a rubuta, kuma da sunansa aka rubuta. Ba a zage ta ba, ba a karya wata doka ba. Amma a taro na gaba za ta yi shiru, bayan shekara guda a ce ba ta da ƙwazo, lokacin ƙarin girma kuma a tsallake ta. Haka sabon ma'aikacin da ake yanke muhimman shawarwari a wajen shaƙatawar da shi ba ya zuwa, ko wanda kullum sai an juya harshe zuwa wanda ba ya ji da zarar magana ta yi daɗi. Yana cikin jerin masu karɓar albashi, amma an mayar da shi saniyar ware.

Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da wani abin mamaki a shekarun 1990 tana nazarin kurakuran ba da magani a asibitoci. Ta zaci rukunin ma'aikatan da suka fi haɗin kai su ne za su fi ƙarancin kuskure, sai alƙaluma suka nuna su ne suka fi yawan rahoton kuskure. Da aka bi diddigi, sai ya bayyana cewa su ba sa tsoron faɗa ne, sauran kuwa ɓoyewa suke yi. Daga nan ta gina abin da ta yi fice da shi, wato kwanciyar hankalin da ke sa ma'aikaci ya iya cewa na yi kuskure, ban gane ba, ko ina ganin oga bai yi daidai ba, ba tare da fargabar za a wulaƙanta shi ba. Wurin da babu wannan, ko an tara mutane kala-kala, 'yan amshin shata aka tara.

Albashi ma yana da nasa ɓoyon. Tun 1951 yarjejeniyar ILO mai lamba 100 ta ce a biya mace da namiji daidai a kan aiki mai daraja ɗaya, amma muddin kowa bai san abin da na kusa da shi yake karɓa ba, wa zai gane an tauye shi? Shi ya sa Birtaniya tun 2017 ta wajabta wa ma'aikatu masu mutum 250 zuwa sama su riƙa bayyana tazarar da ke tsakanin albashin maza da mata, Iceland kuma a 2018 ta ɗora wa kamfanoni masu mutum 25 zuwa sama nauyin kawo shaidar cewa suna biya daidai.

Abin da kamfanoni suka fi gaggawar yi, wato tara ma'aikata a yi musu bitar yini guda kan illar wariya, shi ne ya fi ƙarancin amfani. Frank Dobbin da Alexandra Kalev sun bi bayanan kamfanonin Amurka sama da 800 na tsawon shekaru kusan 30, suka gano cewa bitar dole ba ta ƙara yawan mata da tsiraru a kujerun shugabanci, wani lokaci ma baya ake ci, domin mutum ba ya son a tilasta masa sauya ra'ayi. Abubuwan da suka ga suna aiki sun haɗa da haɗa ƙaramin ma'aikaci da babba mai ja masa gora, da kafa kwamitin manajoji da zai riƙa duba alƙaluman ɗauka da ƙarin girma yana kawo gyara.

Maganar tana da masu suka, kuma ba duka sukarsu ce ta banza ba. A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin rufe shirye-shiryen DEI a gwamnatin tarayyar Amurka, manyan kamfanoni da dama kuma suka janye nasu ko suka sauya musu suna. Hujjar masu sukar ita ce ana fifita asali a kan cancanta. Inda aka ɗauki mutum don cike gurbi kawai, aka ba shi muƙamin jeka-na-yi-ka, sun yi gaskiya, kuma shi kansa an cuce shi, domin abokan aikinsa za su daɗe suna yi masa kallon wanda aka yi wa alfarma. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa kafin zuwan waɗannan shirye-shirye cancanta ce take mulki. Takardun Lakisha da Jamal ba su gaza na Emily da Greg da komai ba.

Wanda ke son sanin ko ma'aikatarsa tana damawa da kowa ba ya buƙatar karanta abin da aka manna a bango. Ya duba su wa suka ajiye aiki a shekaru uku da suka wuce, daga wane rukuni suka fi yawa, kuma me suka faɗa lokacin tafiya. Ya duba tsawon lokacin da kowane rukuni yake ɗauka kafin ƙarin girma. Ya tambaya ko a hirar ɗaukar aiki tambayoyi iri ɗaya ake yi wa kowa, kowane mai tantancewa ya rubuta makinsa kafin su haɗa baki, ko kuwa ana hira ne kawai a ce wannan ya kwanta mana a rai. Sannan ya bincika inda ƙorafi yake zuwa in wanda ake ƙorafi a kansa shi ne shugaban sashen.