Me ake nufi da digirin koyar da darasi?

Idan ka ga an rubuta B.Sc. Ed. ko B.A. Ed. a takardar shaidar wani, digiri ɗaya ne mai ɗauke da kaya biyu: mutum ya karanci wani fanni, kamar lissafi, tarihi ko harshe, ya kuma koyi yadda ake koyar da shi. Galibi shekara 4 ake yi, kuma yawancinsu sakandare suke nufa, inda kowane malami ke riƙe da darasinsa, saɓanin firamare da malami ɗaya kan ɗauki aji sukutum.

Tambayar da aka fi yi ita ce, wanda ya riga ya iya lissafi, me kuma za a koya masa? Ga misali. Yaro ya haɗa 1/2 da 1/3, ya rubuta 2/5. Gwanin lissafi zai soke da jan biro, ya rubuta 5/6, ya wuce. Malamin da aka horar kuwa ya gano inda gizo ke saƙar: yaron ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, yadda ya saba da sauran lambobi. Sai ya zana da'ira a allo, ya raba ta biyu, ya ce, "To, kana da rabi, an ƙara maka wani abu, yaya aka yi abin ya koma bai kai rabi ba?" Nan yaron zai yi shiru ya fara tunani. Lee Shulman na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya fito da wannan batu fili a 1986, ya nuna cewa sanin darasi don koyar da shi ilimi ne mai zaman kansa.

Shi ya sa, ban da kwasa-kwasan fannin, ana karanta halayyar yara, tsara darasi da auna fahimta. Sannan akwai koyarwar gwaji, wadda ɗalibai suka fi fargaba: kana gaban allo, mai dubawa yana zaune a bayan aji da takardar maki, yara kuma sun san kai baƙo ne.

Ba ko'ina ake bin wannan hanya ba. A Ingila da yawa sai sun gama digirin fanninsu, sannan su yi PGCE, wato kwas ɗin koyon aikin koyarwa na shekara ɗaya. A Jamus malamin sakandare kan karanci darussa biyu, Finlan kuma sai da digiri na biyu.

A ganina, matsalar digirin haɗakar ita ce lokaci. Da yake an raba shekarun gida biyu, mai shi ba ya zurfafa a fannin kamar wanda ya karance shi zalla, kuma yakan gamu da tangarɗa in ya nemi digiri na biyu a tsantsar fannin. Wanda ke shirin shiga, ya fara duba kwas nawa ne na fannin a cikin manhajar.