Muhallin ɗan gudun hijira: abin da doka ta ce da wanda zai biya haya

Wanda yaƙi ya kore shi daga garinsu, da zarar ya tsira da ransa, abin da ke hana shi barci shi ne inda zai kwantar da iyalinsa. Kanawa sun san wannan. Tun da rikicin arewa maso gabas ya yi ƙamari wajen 2014, mutanen Barno da Yobe suka yi ta shigowa, daga baya na Zamfara da Katsina suka biyo su, yawancinsu kuma ba sansani suka nufa ba. Ɗakin haya suka kama a gefen gari, ko suka raɓa da 'yan'uwa, ko suka shiga kangon da mai shi bai gama gini ba suka rataya buhu a taga.

Doka ta raba waɗannan bayin Allah gida biyu, kuma rabon yana da tasiri. Wanda ya tsallaka iyakar ƙasa, kamar Bakamaren da ya shigo Kuros Riba, ko ɗan Gwoza da ya faɗa sansanin Minawao a Kamaru, shi ne Yarjejeniyar Jeneba ta 1951 ta yi magana a kansa. Wanda ya bar Bama ya zo Kano kuwa ɗan ƙasa ne a cikin ƙasarsa. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi ikon zama ko'ina a Najeriya, sannan Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Najeriya ta tabbatar a 2012, ta ɗora wa gwamnati nauyin ba shi abinci da ruwa da matsuguni. Hukuma ɗaya ce ta tarayya ke kula da duka biyun, wato Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa (NCFRMI), wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 52 ta 1989.

To, me Yarjejeniyar 1951 ta ce game da gida? Sashe na 21 ne ya yi maganar, kuma gajere ne. Ya ce duk inda gwamnati ke da hannu a harkar gidaje, ta hanyar doka ko ta hukumominta, to ta kyautata wa ɗan gudun hijirar da ke zaune bisa ƙa'ida iya yadda za ta iya, kuma ko ta halin ƙaƙa kada ta ba shi ƙasa da abin da take ba sauran baƙi. A lura da kyau, ba a ce a ba shi gida kyauta ba. An ce kada a ware shi a mayar da shi baya. Sashe na 13 ya ba shi irin wannan matsayin wajen kama haya da mallakar kadara, na 16 ya buɗe masa ƙofar kotu, na 33 kuma, wanda shi ne ƙashin bayan yarjejeniyar, ya hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Najeriya ta shiga yarjejeniyar a 1967.

Gida mai kyau kuma ba a bar shi ga ra'ayin kowa ba. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ya zayyana sharuɗɗa bakwai a 1991. Uku daga ciki su ne suka fi taɓa mu a nan. Na farko tabbacin zama, wato kada mutum ya kwana da fargabar gobe za a watso masa kaya waje. Na biyu kuɗin ya zama daidai ƙarfinsa, kada haya ta cinye kuɗin tuwo da na magani. Na uku wurin ya kasance kusa da abin yi da makaranta da asibiti. Wannan na ƙarshen ana yawan raina shi, alhali shi ke kashe yawancin ayyukan sake tsugunarwa. A gina gidaje masu kyau a bayan gari inda babu kasuwa, babu gona, babu mota, sai ka ga cikin 'yan watanni an rufe su da kwaɗo, masu su sun koma cunkoson da suka baro domin a can ne ake samun ɗan dako da wankau. Masu aikin agaji ma suna da ma'auninsu na gaggawa: aƙalla murabba'in mita 3.5 na rufaffen wuri ga kowane mutum. A auna wannan da ɗaki ɗaya mai mutum tara, a ga inda muke.

Sai babbar maganar, wa zai biya? Tun a gabatarwar Yarjejeniyar 1951 an yarda cewa ba da mafaka na iya yi wa wasu ƙasashe nauyi fiye da kima, kuma ba za a magance shi ba sai da haɗin kan ƙasashe. Amma an tsaya a nan, ba a yanka wa kowa kasonsa ba. Afirka ta ɗan ƙara taki. Yarjejeniyar da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta zartar a Addis Ababa a 1969 ta ce ƙasar da kaya ya yi mata yawa tana iya kai kukanta ga sauran ƙasashe, su kuma su rage mata. A Disambar 2018 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sabuwar matsaya ta duniya kan 'yan gudun hijira, mai manufofi huɗu: sauƙaƙa wa ƙasashen da suka karɓi baƙi, taimaka wa baƙin su tsaya da ƙafarsu, faɗaɗa hanyar kai su ƙasa ta uku (wadda ba tasu ba, ba kuma wadda suka fara fakewa a cikinta ba), da gyara ƙasashensu domin su koma lafiya. Duk shekara huɗu ake taruwa a Jeneba, an yi a 2019 an sake a 2023, kowace ƙasa ta faɗi abin da ta ɗauki alkawari. Sai dai matsayar ba ta da ƙarfin tilastawa. Ƙasar da ta yi alkawari ta saɓa, babu kotun da za ta kira ta. A ganina nan ne raunin tsarin yake, domin mafi yawan 'yan gudun hijirar duniya suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, galibi maƙwabtan inda suka baro.

Kai mutum ƙasa ta uku, abin da matasa da yawa ke mafarki, ƙofa ce ƙarama ƙwarai. Waɗanda ke samu a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya ba. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, UNHCR, ce ke tantance mafi rauni ta miƙa sunayensu, ƙasar da za ta karɓa ce ke da ta cewa, kuma ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce maka kawo kuɗi ya sa sunanka, ɗan damfara ne. Waɗanda suka dace ma, haya na jiransu a can. A Kanada, tun 1979 ake da tsarin da jama'ar gari ko wata majami'a ko masallaci ke haɗa kuɗi su ɗauki nauyin iyali guda, haya da abinci, yawanci na shekara ɗaya. A Amurka tallafin sauka ya kasance na kwana 90 kawai, sannan a Janairun 2025 aka dakatar da shirin karɓar. Abin da ya dogara da alkawari, sauyin gwamnati ɗaya ya isa ya tsayar da shi.

Misalin da ya fi kama da namu yana Nijar. A jihar Difa, da tallafin Tarayyar Turai, an yanka filaye bisa doka, aka raba wa 'yan gudun hijira da marasa ƙarfi na gari tare, aka yi gini da bulon ƙasa. A Maraɗi kuma, bayan mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina sun fara tsallakawa a 2019, an matsar da wasunsu nesa da iyaka zuwa ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori, inda rijiya da asibiti da makarantar da aka gina suka zama na baƙo da ɗan gari baki ɗaya. Hikimar ke nan. In aka gina wa baƙo aka bar mai masaukinsa cikin ɗigar ruwa, an shuka gaba.

A Kano, ƙasa tana hannun gwamna bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, don haka duk wani shirin gidaje, ko daga Jeneba kuɗinsa ya zo, sai ya bi ta gwamnatin jiha kafin a samu fili da takarda. Kafin wannan ya tabbata, rayuwar baƙo tana tsakanin dillali da mai gida da mai unguwa. Ana neman kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali, ga tambayar “wa ya san ka?” wadda mutumin da ya baro kowa nasa ba shi da amsarta. Dattijuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layi tana iya biyan haya wata-wata ba fashi, amma ba ta taɓa riƙe kuɗin shekara a hannunta ba. Shi ya sa nake ganin tallafin da zai fi amfani a birni irin namu shi ne na biyan hayar shekarar farko da tsaya wa baƙo a matsayin mai lamuni, fiye da gina sababbin rukunan gidaje a daji.

Wanda ya tsallako daga wata ƙasa ya fara da yin rajista da NCFRMI ya karɓi takardar shaida, domin da ita zai tsaya gaban kowace hukuma. Kowa kuma, baƙo da ɗan ƙasa, ya nemi a rubuta yarjejeniyar haya ko da a takardar littafin makaranta ce, da shaidu biyu, ya riƙa karɓar rasit. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwance rufi ko zubar da kaya don ya kori ɗan haya. Sai ya ba da notis, wanda a ƙa'idar da aka saba wata shida ne ga mai biyan shekara in ba a rubuta wani abu dabam ba, sannan ya je kotu. In abin ya faskara a wajen mai unguwa, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da hukumar ba da lauya kyauta duk suna da ofis a Kano, kuma shigar da koke a wurinsu ba ya buƙatar kuɗi.