Banɗakin sama na yoyo, wa doka ta kama? Abin da dokar gini ta Saudiyya ta ce

Jama'a duk wanda ya zauna a tsofaffin gidajen haya na Makka ko Jidda ya san wannan matsalar, fentin silin ya fara kumbura yana ɓarewa, sai wari, sai wata rana ka ji ɗigo a ka, kuma ko tambaya ba sai ka yi ba ka san banɗakin maƙwabcin sama ne. Mutane da yawa sun ɗauka tunda an sa tayil ai shikenan ruwa ba zai wuce ba. To tayil ba ya tare ruwa. Tsakanin tayil da tayil akwai layin siminti, shi kuwa yana shan ruwa kuma yana tsagewa, abin da ke tare ruwa na gaskiya shi ne shimfiɗar da ke ƙarƙashi wadda masu aiki a nan ke cewa azal, ita kuma da zarar an rufe ta ba mai sake ganinta.

Ƙasar nan tana da kundin dokar gini tun 2007, aka sabunta shi a 2018, kuma daga 1 ga Yuli 2021 aka fara ɗora shi a kan sabbin gidajen zama gaba ɗaya, har ƙaramin gidan da mutum zai gina wa iyalinsa. Kundin kashi-kashi ne, na gidajen zama shi ne SBC 1101, na aikin famfo SBC 701, kuma asalinsu daga dokokin gini na Amurka aka ɗauko aka gyara su dace da nan. Lasisin gini ta manhajar gwamnati ta Balady ake nema, dole da ofishin injiniya da zai zana ya kuma sa ido, da ɗan kwangila mai rajista, ba irin na da ba da mutum zai kwaso lebura daga bakin titi a hau aiki.

Wajen wanka dai doka ta ce ƙasa da bango su zama na abin da ba ya shan ruwa, bangon ya kai wajen mita 1.8 daga ƙasa. Shimfiɗar da ke ƙarƙashin wurin wankan kuma ba a yarda a kwantar da ita a miƙe ba, sai ta gangara wajen magudana, santimita 2 a kowace mita, sannan gefenta ya hau bango ya ɗara dokin ƙofar wurin wankan da aƙalla santimita 5, kuma a gwada ta da ruwa kafin a rufe.

Amma fa wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma waɗanda suka fara rubuta shi banɗakinsu daban da namu, su wurin wanka kawai ke jiƙewa. Mu kuwa ga shaɗɗaf, wato ɗan tiyon tsarki, ga alwala sau biyar, ga uwargida ta kwarara bokiti ta wanke ƙasa har lungu, ga injin wanki da ake cusawa a ciki, ko'ina jiƙewa yake. Shi ya sa injiniyoyi a nan banɗakin gaba ɗaya suke sa a yi wa azal, a haura da shi bango santimita 20 zuwa 30, a haɗa da kicin da rufin sama inda tanki yake. Ni a ganina duk ɗan kwangilar da ya ce maka ƙarƙashin shawa kawai ya isa, kuɗin kaya yake son ragewa.

Wasu na amfani da nadin kwalta mai kaurin milimita 4 da ake gasawa da wuta ya manne, wasu na siminti da ake shafawa hannu biyu. Kowanne na aiki idan an yi da kyau, ba a tsakiyar ɗaki ake samun matsala ba. Kwana inda bango ya haɗu da ƙasa, bakin magudana, inda bututu ya huda dekin, da bakin ƙofa, nan ne ruwa ke bi. A kwanar ana yin wani ɗan tudu mai lanƙwasa na siminti, wanda suke cewa wuyan kwalba, don kada shimfiɗar ta karye a wurin. Bayan nan sai a toshe magudana a cika ƙasa da ruwa a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, a yi alama a bango, a sauka ƙasa a ɗaga kai a duba dekin. Idan gidanka ne, ranar nan ka ajiye duk wata sabga ka je da kanka, ka ɗauki hoto, injiniya ya sa hannu. Kuma ka lura da abin da ke biyo baya, don sau tari azal ya ci gwaji lafiya lau, washegari mai famfo ya zo ya ja bututu a kai ko mai tayil ya jefar da guduma ya huda shi, ba wanda zai faɗa maka, a zuba yashi a rufe.

Abin ya wuce ɓacin fenti. Ruwa in ya kai ga rodi tsatsa yake, rodi mai tsatsa kumbura yake ya fasa kankare, balle a Jidda da gishiri da laima suka yi yawa.

To wa zai biya? Dokar ta ɗora wa ɗan kwangila da injiniya mai sa ido alhaki tare, na shekara 10 daga ranar da aka ba da takardar izinin shiga gida, kan rushewa ko ɓoyayyen aibu da ke barazana ga ƙarfin gini, kuma tarar saɓa wa kundin tana iya kaiwa riyal miliyan 1. Akwai kuma inshorar ɓoyayyen aibu ta dole, ita ma shekara 10, masu bincikenta na zuwa wurin aiki mataki-mataki. Azal na cikinta amma da sharuɗɗa, sai bayan wata 12 da ba da izinin shiga take fara ɗaukarsa, kuma idan kai ka fasa tayil ka canja wurin masai daga baya to kada ka sa rai. Ka karanta takardar inshorar da kyau ka ga wane ɓangare ta ambata da suna, sannan ka karɓi rubutaccen garanti daga kamfanin da ya yi azal ɗin, na baki da wuya ya yi amfani a kotu.

Galibinmu dai 'yan haya ne a gidajen da aka gina tun kafin 2021, wannan inshorar ba ta shafe su ba. Abin da ke kare ka shi ne yarjejeniyar Ejar, wato takardar haya da ake yi wa rajista a dandalin gwamnati, a cikinta yoyon ruwa na cikin bango ko silin a wuyan mai gida yake matuƙar ba kai ka jawo ba. Don haka da ka ga danshi ka tura masa saƙo a rubuce da hoto da kwanan wata, kada ka tsaya a kan kiran waya ko aiken mai gadi, kuma kada ka kira mai famfo ya fasa ƙasa sai ya amince a rubuce wa zai biya. Wanda kuma yake zaune ba Ejar, sai dai lallami da shigar dattawan unguwa.