Girman ƙwayoyin B a jikin tsako tun yana cikin ƙwai

Ƙwayoyin B wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini, kuma su ne ke ƙera antibodi, sinadarin da ke gane ƙwayar cuta ya manne mata har jiki ya gama da ita. A jikin ɗan Adam da sauran masu shayarwa, cikin ɓargo ake renon su. A jikin tsuntsaye kuwa wurin renonsu daban ne: wata 'yar jaka ce da ke bayan hanji, a saman dubura, wadda masana ke kira bursa. Daga harafin farko na wannan suna ƙwayoyin suka samu nasu.

Jakar da aka daɗe ba a san aikinta ba

Masanin sassan jiki Girolamo Fabrici, wanda ya koyar a Padua ta ƙasar Italiya, shi ya fara bayyana wannan jaka, kuma an buga bayanin nasa a 1621, bayan rasuwarsa. Ya zaci ma'ajiyar maniyyin zakara ce. Sai bayan shekara fiye da 300 aka gano gaskiya. A 1956 Bruce Glick da Timothy Chang, a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, suka ba da rahoton cewa kajin da aka cire wa bursa tun suna 'yan tsaki sun kasa yin antibodi da aka yi musu allurar ƙwayar Salmonella. A 1965 Max Cooper da Robert Good da Raymond Peterson suka nuna cewa garkuwar jiki reshe biyu ce: ɗaya daga bursa, ɗaya daga taimos, wata gaɓa da ke wuyan kaza. Ilimin garkuwar jikin mutum na yau yana kan wannan tushe, kuma a jikin kaza aka aza shi.

Tafiyar kwana 21

Kaza kan yi kwanci na kwana 21. Tun wajen kwana na 4 zuwa na 5 tsiron bursa yake bayyana, amma a lokacin babu ƙwayar B ko ɗaya a cikinsa. Baƙi ne za su zo daga nesa. Asalinsu ƙwayoyin jini ne da ke tasowa a kewayen babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, su bi jini, wasu su yada zango a saifa, sannan su shiga bursa tsakanin kwana na 8 da na 14. Nicole Le Douarin da abokan aikinta a Faransa ne suka tabbatar da wannan, ta hanyar dasa sassan tayin salwa a cikin tayin kaza. Da yake ƙwayoyin tsuntsayen biyu sun bambanta a ƙarƙashin madubin likita, sai aka iya ganin wanda ya shigo da lokacin da ya shigo. Da zarar wannan taga ta kwana na 8 zuwa na 14 ta rufe, shi ke nan. Ba a sake karɓar wasu har ƙarshen rayuwar kazar.

Bursa tana da ƙananan ɗakuna wajen 10,000, kuma kowane ɗaki ƙwayoyi ƙalilan ne ke kafa shi, galibi biyu zuwa biyar. Wajen kwana na 12 ake fara ganin antibodi nau'in IgM a fatarsu. Waɗanda suka iya fito da shi su ne ke ci gaba da hayayyafa cikin sauri. Waɗanda suka kasa, tafiyarsu ta ƙare.

Yadda kaɗan ke zama dubbai

Nan ne abin ya fi ban mamaki. Jiki yana buƙatar antibodi iri-iri masu ɗimbin yawa, domin bai san wace cuta zai haɗu da ita ba. Mutum da ɓera suna samun wannan yawa ne ta hanyar gauraya gutsattsarin ƙwayoyin gado masu yawa, waɗanda ake kira V da D da J, kowace ƙwayar B da haɗinta. Kaza ba ta da wannan wadata. Antibodi da sarƙoƙi iri biyu ake gina shi, ƙarama da babba. A ƙaramar sarƙar antibodinta, gutsure mai aiki na V ɗaya ne tak, na J ma ɗaya. Haka a babbar sarƙar, sai dai akwai 'yan gutsattsarin D a tsakani. Saboda haka ƙwayoyin da ke isa bursa kusan kamanninsu ɗaya.

Claude-Agnès Reynaud da Jean-Claude Weill ne suka warware wannan kacici-kacici a shekarun 1980. A gefen gutsuren V na ƙaramar sarƙa akwai wasu kusan 25 da suka yi kama da shi amma ba sa iya aiki da kansu. A babbar sarƙa adadin ya fi haka. Waɗannan da ake gani kamar ba su da amfani, ashe rumbu ne. Yayin da ƙwayar B ke rarrabuwa a cikin bursa, sai ta riƙa kwafo ɗan yanki daga ɗayansu ta liƙa a kan nata mai aiki, ta sake kwafo daga wani, sau da dama. Wanda aka kwafa daga gare shi ba ya canzawa. Wannan aiki yana kankama a makon ƙarshe na kwanci, ya ci gaba bayan ƙyanƙyashewa, kuma wani sinadarin jiki (inzayim) da ake kira AID ne ke kunna shi. Da haka ɗaki ɗaya da ƙwayoyi uku suka kafa yake cika da jikoki, kowanne da antibodinsa.

Asarar da ke ciki ba kaɗan ba ce. Mafi yawan ƙwayoyin da aka haifa a bursa a nan suke mutuwa. Kimanin kashi 5 cikin 100 ne ke fita. Fitar tana farawa dab da ƙyanƙyashewa, su nufi saifa da hanji da sauran sassan jiki.

Bayan fasa ƙwai

Tsakon da ya fito garkuwarsa ba ta gama nuna ba. Abin da ke riƙe shi a makonnin farko shi ne antibodi nau'in IgY da uwarsa ta zuba a gwaiduwa. A wannan lokaci ɗakunan bursa suke rabuwa gida biyu, ciki da waje, kuma fatar da ke rufe su takan tsotso abubuwa daga dubura ta miƙa wa ƙwayoyin B, wanda ke taimaka wa girmansu. Jakar takan kai iyakar girmanta cikin 'yan watannin farko, sannan ta fara motsewa idan kaza ta balaga. Sinadaran balaga ne ke jawo hakan. Shi ya sa idan aka sa wa ƙwai testosteron, sinadarin balagar namiji, da wuri, bursa ba ta ginuwa yadda ya kamata.

Wannan tsari ne ya sa cutar Gumboro, wadda aka fara bayyanawa a 1962 a yankin Gumboro na jihar Delaware ta Amurka, take da haɗari ƙwarai ga ƙananan tsaki. Ƙwayar cutar bursa take nufa kai tsaye, ta kashe ƙwayoyin B da ba su gama girma ba. Tsakon da ya kamu tun yana ƙarami, ko ya rayu, yakan tashi da raunin garkuwa, kuma rigakafin wasu cututtuka ba ya kama shi sosai. Don haka manyan gidajen ƙyanƙyasa kan yi allurar rigakafinta ta cikin ƙwai wajen kwana na 18, kafin tsakon ya fito.