NIHR: Cibiyar Binciken Lafiya ta Gwamnati a Ingila

NIHR, wato National Institute for Health and Care Research, cibiya ce da gwamnatin Birtaniya ta kafa a watan Afrilun 2006 domin ɗaukar nauyin binciken lafiya da tsara yadda ake gudanar da shi a cikin NHS, hukumar lafiyar jama'a da ke duba marasa lafiya kyauta tun 1948. Ma'aikatar lafiya ce ke ba ta kuɗi, sama da fam biliyan ɗaya a shekara. Akasarin aikinta a Ingila yake, domin Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce na da nata ofishin. A 2022 aka faɗaɗa sunanta ya haɗa da kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman, amma gajeren sunan bai canza ba.

Asali

Tun 1913 Birtaniya ke da majalisar binciken likitanci, MRC, sai dai hankalinta ya fi karkata ga ɗakin gwaje-gwaje da tushen cututtuka. Tambayoyin da ke damun likita a bakin gado, kamar wanne ya fi cikin magunguna biyu da aka saba bayarwa, ba su da mai su. A 1988 wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya koka da wannan giɓi, kuma a 1991 aka naɗa Michael Peckham daraktan bincike na farko a NHS. A 1994 Anthony Culyer, masanin tattalin arzikin lafiya a Jami'ar York, ya ba da shawarar a ware kuɗin bincike daga na jinya.

Duk da haka ba ta sauya zani ba. Asibitin da ya saba karɓar kaso mai tsoka shi ke ci gaba da karɓa, musamman manyan asibitocin koyarwa na Landan, kuma da kuɗin ya shiga sai ya narke cikin albashi da hidimar yau da kullum. Da wuya a nuna binciken da aka yi da shi. Sally Davies, likitar jini da ta ƙware a kan cutar sikila, ita ta jagoranci gyaran a 2006: aka janye kuɗin a hankali daga kasafin asibitoci, aka tara shi wuri guda, aka ce duk mai so ya kawo tsarin bincikensa masana su tantance. Ta zama shugabar NIHR ta farko, Chris Whitty ya gaje ta a 2016, sai Lucy Chappell a 2021.

Yadda ake raba kuɗin

Dokokin ma'aikatar lafiya sun kasa kuɗin kowane bincike gida uku. Akwai na binciken kansa, kamar tattara bayanai da lissafa sakamako, wanda mai ɗaukar nauyi ke biya. Akwai na jinyar da za a ci gaba da yi ko bayan an gama binciken, wannan na NHS ne. Na uku shi ne na hidimar da asibiti ke yi saboda binciken, kuma NIHR ke ɗauka.

Wannan kaso na uku ba ya shiga labarai, amma a kansa komai ya tsaya. Shi ke biyan ma'aikaciyar jinyar da za ta ja kujera kusa da gadon majiyyaci, ta karanta masa takardar neman izini layi bayan layi, ta amsa tambayar matarsa, ta jira ya sa hannu ko ya ce a'a. Likitan da ke da layin marasa lafiya a ƙofa ba shi da wannan lokacin. Saboda NIHR na biyan irin waɗannan ma'aikata a faɗin ƙasa, ƙaramin asibitin gari ma na iya shiga babban gwaji.

Cibiyar na kuma ba da kuɗi ga cibiyoyin haɗin gwiwar jami'o'i da asibitoci tun 2007, tana horar da masu bincike, tana sa majiyyata da danginsu cikin kwamitocin da ke zaɓen abin da za a bincika. Izinin ɗa'a kuwa, wato tabbatar da cewa bincike ba zai tauye haƙƙin majiyyata ba, aikin wata hukuma ce daban, HRA, da aka kafa a 2011.

Abin da tsarin ya haifar

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta cika asibitoci, Peter Horby da Martin Landray na Jami'ar Oxford suka fara gwajin RECOVERY domin gano magungunan da ke taimaka wa masu korona, da kuɗin NIHR da na UKRI, hukumar gwamnati mai ba da kuɗin bincike. Asibitoci 176 suka shiga, domin ma'aikatan na nan a ƙasa tun kafin annobar. Ranar 16 ga Yuni aka sanar cewa dexamethasone, tsohon magani mai arha, ya rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya bisa biyar ga waɗanda ake ba iskar oksijin. An kwatanta mutum 2,104 da suka sami maganin da 4,321 da ba su samu ba. Gwajin ya kuma nuna hydroxychloroquine ba ta ceton masu kwance a asibiti. Maganin da kowa ke iya sarrafawa ba ya kawo ribar da za ta sa kamfani ya kashe kuɗi a gwada shi. Aikin gwamnati ne.

Haka ta faru da gwajin CRASH-2 na 2010, wanda ya bi mutum 20,211 da suka ji munanan raunuka a ƙasashe 40, ya tabbatar cewa maganin tranexamic acid na rage mutuwa daga zubar jini. Tun 2016 NIHR na kashe wani kaso na kuɗin tallafin ƙasashen waje a kan bincike a ƙasashe masu tasowa.

Suka

Masu bincike na kokawa da yawan takardu da jinkiri kafin a fara gwaji, kuma wani bita da gwamnati ta sa James O'Shaughnessy, tsohon ƙaramin ministan lafiya, ya yi a 2023 ya nuna gwaje-gwajen kamfanoni sun ragu sosai a ƙasar. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne kuɗi na taruwa a Landan da Oxford da Cambridge, alhali cututtuka sun fi yi wa garuruwan arewacin Ingila katutu. A 2024 aka sake fasalin sashen da ke tura ma'aikatan bincike asibitoci, aka raba shi yankuna 12, Jami'ar Leeds na kula da haɗa kansu.